Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗakin Da Ke Ƙuryar Gida

Masu bibiyar wannan tarihi za su tuna cewa a makon jiya na tsaya ne a kan rasuwar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta da rahama, da kuma yadda na ajiye alli bayan shekaru masu yawa ina koyarwa a makarantar firamare a nan Garwa, a arewacin Kamaru. Watannin da suka biyo baya sun yi mini tsawo ƙwarai, domin wadda ta saba fita tun kafin ƙarfe bakwai, ta dawo ta tarar da mara lafiya tana jiranta, ba ta iya zaman da babu aji kuma babu jinya. A watan Janairun 2022 gari ya cika da baƙi saboda gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, jama'a na ta tururuwa zuwa filin wasa na Rumde Ajiya, ni kuwa ina zaune a tsakar gida ina kallon ƙofar ɗakin Inna, wanda har lokacin ban iya shiga na kwashe kayanta ba.

Wata maƙwabciyata ce ta fitar da ni daga wannan hali, Hajiya ce da ta yi ritaya daga aikin jinya, kuma ta girme ni da shekaru. Ta gaya mini cewa suna da wata 'yar ƙungiya ta masu aikin sa-kai da ke zagaya gidaje suna duba tsofaffi, musamman waɗanda ake zargin ana cutar da su, kuma suna bukatar mace mai jin Hausa da Fulatanci da Faransanci wadda za ta iya rubuta rahoto. Amsar da na ba ta, har yau ina jin kunyarta. Na ce mata, "Haba Hajiya, ai wulaƙanta tsoho aikin Turawa ne, su da suke kai iyayensu gidajen ajiye tsofaffi. Mu nan wa zai yi wa uwarsa haka?" Ba ta yi mini gardama ba, cewa kawai ta yi, "Malama, ranar Asabar ki shirya da wuri, gani ya kori ji."

Ƙungiyar ba wata babba ba ce, ba mu kai mutum ashirin ba, kuma ba mu da ofis sai zauren gidan ɗaya daga cikinmu. An yi mata rajista a ofishin furefe, wato babban jami'in gwamnati na gundumarmu, bisa dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990, kowa yana zuba jaka ɗaya, wato sefa dubu, a wata, kuma idan lamari ya fi ƙarfinmu muna miƙa shi ga cibiyar jin daɗin jama'a da ke ƙarƙashin ma'aikatar harkokin zamantakewa. Wata ma'aikaciyar cibiyar ce ta ba mu horo, mu sababbi. Daga bakinta na fara jin ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, cewa a cikin kowane mutum 6 masu shekara 60 ko fiye, kusan mutum 1 yakan gamu da wani nau'in cutarwa a cikin shekara guda, kuma duka ba shi ne mafi yawa ba, zagi da tsawa da cin dukiya da sakaci sun fi shi yawa. Ta koya mana mu riƙa amfani da ido fiye da baki: mu dubi farce, mu dubi shimfiɗa, mu ga ko akwai ruwan sha kusa da hannun tsohon, sannan mu lura da wanda ke saurin amsa tambayar da tsohon aka yi wa. Ta kuma kafa mana sharaɗi cewa kada mu yi wa tsoho tambaya mai nauyi a gaban mutanen gidan, kuma kada mu ɗauki wani mataki ba da yardarsa ba sai idan rai ne ke cikin haɗari. Na rubuta wannan sharaɗi da hannuna a littafi, kuma ban yi wata guda ba na karya shi.

Wani dattijo ne a cikin tsohon gari, zan kira shi Baba kawai. Ya yi rayuwarsa yana tuƙa motocin ɗaukar auduga na kamfanin SODECOTON, ya cika sharuɗɗan fansho na asusun ma'aikata na ƙasa da ake kira CNPS, wato shekara 60 da haihuwa da kuma aƙalla wata 180 ana zuba masa kuɗi, saboda haka yana da haƙƙinsa da ke fitowa. Yanar ido ta rufe masa gani, matarsa ta rasu, sai ya yi wa ɗan ƙaninsa, wanda Baban ne ya riƙe shi tun yana ƙarami, takardar wakilci domin ya riƙa karɓo masa kuɗin. Wayar Baba ma tana hannun yaron, har da lambar sirrin asusun da 'yarsa mai aure a Ngaundere take turo masa ɗan abin da ya samu. Ranar da muka fara zuwa mun same shi a kan tabarma da riga ɗaya wadda wuyanta ya yi baƙi, ga kofin koko da ya huce a gefensa. Da Hajiya ta tambaye shi maganin hawan jini, sai ya laluba ƙarƙashin matashin kai ya ciro takardar ƙwayoyin, duk gurabenta a fashe, babu ko ɗaya a ciki, ya miƙa mata kamar mai nuna shaidar cewa shi dai bai yi sakaci ba. A zaure kuwa, da za mu fita, muka raɓa wani sabon babur da ko ledar kujerarsa ba a cire ba.

Zuwa na biyu Hajiya ba ta samu dama ba, sai na tafi da wani matashi daga cikinmu. Ina cikin tambayar Baba yaushe rabonsa da magani, yaron ya shigo da makullin babur a hannu, ni kuwa malantar ta motsa. Na dube shi kamar yadda nake duban ɗalibin da ya saci alli, na ce, "Kai, ina kuɗin Baba suke tafiya? Tsoho yana zaune babu magani, kai kana hawan sabon babur, ba ka jin tsoron Allah?" Yaron bai ce uffan ba. Baba ne ya ɗago kai, ya juyo da fuskarsa wajen da muryata ke fitowa, ya ce a hankali, "Malama, wa ya gaya miki ba ya ba ni? Ni na ce ya sayi babur ɗin. Ɗana ne." Daga nan ya juya ya fuskanci bango, bai ƙara magana ba har muka fita.

Sau uku muna komawa ana ce mana Baba yana barci. Da na ba Hajiya labarin yadda aka yi, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Malama, ke kin faɗi gaskiya kin koma gidanki kin kwanta. Shi kuma da tsakar dare wa zai riƙe masa hannu ya kai shi bayan gida?" A nan na fahimci abin da horon bai iya sa mini a kai ba. Tsohon da ake cuta ya fi kowa sanin ana cutarsa, amma yana da lissafin da baƙo ba ya gani: wanda ke cin kuɗinsa shi ne ke kai shi masallacin Juma'a, shi ne zai tsaya a kan jana'izarsa, kuma tona asirinsa tona asirin gidan ne gaba ɗaya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Abin da muke kira rufin asiri, wanda da shi muke alfahari, shi ne kuma bargon da cutar take kwana a ciki, kuma ni da na zo yaye shi da ƙarfi, tsohon na fara bari a sarari.

Gyaran ya ɗauki kusan wata biyu, kuma ba ni na yi shi ba. Hajiya ta je wajen limamin unguwar, wanda abokin Baba ne tun ƙuruciya, shi kuma ya riƙa shiga bayan la'asar a matsayin mai zumunci, har Baba ya yarda da bakinsa a kira 'yarsa. Ta hawo mota daga Ngaundere, aka zauna a zaure da liman da jauro, wato mai unguwa, ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Yaron ya amsa cewa bashi ne ya yi masa yawa, ya sayi babur ɗin ne domin ya yi haya da shi, kuma, a faɗi gaskiya, shi ke ciyar da gidan duka. Aka tsayar cewa ranar biya za a ɗauki Baba a je da shi, a ƙirga masa kuɗinsa a tafin hannunsa, a fara cire na magani, sannan shi da kansa ya ba da na cefane. Wayar ta koma aljihunsa, 'yarsa ta canza lambar sirrin. Kuɗin da aka riga aka ci ba su dawo ba, kuma babu wanda ya sake tayar da maganarsu. Har yau idan na je yakan amsa gaisuwata cikin mutunci, amma da Hajiya yake hira.

Ranar 15 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a shekarar 2011 a matsayin ranar wayar da kai kan cin zarafin tsofaffi, ba mu da kuɗin hayar zaure ko buga riguna, saboda haka muka raba kanmu zuwa makarantun Islamiyya na matan aure. Na yi magana a kan aya ta 23 ta Suratul Isra'i, wadda ta hana a ce wa iyaye ko da "uf" idan tsufa ya riske su a wurinka, kuma wannan karon na kiyaye harshena, ban nuna kowa da yatsa ba. Bayan an tashi, wata matashiya mai goyo ta tsaya har kowa ya watse, ta matso ta ce, "Malama, ni ce nake kulle uwar mijina."

Mijinta direban babbar mota ne a hanyar Ngaundere zuwa Kusiri, yakan yi makonni bai kwana a gida ba, ya bar ta da yara biyar da tsohuwa mai gigin tsufa. Goggo, kamar yadda suke kiranta, takan fice ba a sani ba, har an taɓa tsinto ta kusa da gadar Binuwai tana cewa za ta gidan iyayenta, waɗanda suka rasu tun kafin a haifi surukar. Da farko sai za ta ɗebo ruwa take sa kwaɗo a ƙofar, daga baya ya zama ko tana gida ba ta buɗewa, kuma ta faɗa mini tana kuka cewa ranar da Goggo ta ɓata shimfiɗa sau uku ta kai mata hannu.

Washegari muka je ni da Hajiya. Ɗakin yana ƙuryar gida, rufin kwano ne, an toshe tagar da tsohon buhu, kuma duk wanda ya san zafin Garwa ya san abin da wannan ke nufi ko da damina ta sauka. Da aka cire kwaɗon, wari ne ya fara tarbarmu. Ga tasar tuwon jiya ya bushe, ga fo a gefe, ga Goggo a zaune a bakin gado ta ɗaure 'yan tsummokaranta a ɗankwali kamar mai jiran mota. Hasken da ya shigo ya sa ta kare ido da hannu, ta ce, "'Yan nan, gari ya waye ne?" Lokacin an kusa kiran azahar.

A nan ƙafafuna suka kasa ɗaukata, domin akwai abin da ban faɗa muku ba a makon jiya. A shekarar ƙarshe ta rayuwar Inna, ni ma nakan ja ƙofarta in sa sakata daga waje kafin in tafi makaranta, ina gaya wa kaina cewa don kada ta faɗa rijiya ne, kuma gaskiya ne, amma ban taɓa tambayar kaina yadda awa shida ke wucewa a bayan ƙofar ba. Saboda haka da matashiyar ta tsaya a bakin ɗakin tana jiran in yi mata abin da na yi wa ɗan ƙanin Baba, sai na kama hannunta na ce, "Ƙanwata, yaushe rabonki da barcin kirki?" Ta ce ba ta tuna ba.

Hajiya ta zaunar da ita ta bayyana mata cewa gigin tsufa ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba taurin kai ba ne kuma ba aikin aljanu ba, har ta tuna mata aya ta 70 ta Suratun Nahli game da wanda ake mayarwa zuwa mafi raunin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Muka cire buhun daga tagar, muka wanke ɗakin, muka fito da Goggo inuwar darbejiya. Muka shawo kan maƙwabta mata uku su riƙa karɓar zama da ita, kowace da ranarta, aka rataya gwangwani da tsakuwa a ƙofar zaure domin a ji idan an buɗe, aka kuma ɗinka ɗan ƙyalle mai sunan unguwa a bakin zanenta. Da mijin ya dawo, Hajiya ta sa shi ya kira 'yan'uwansa biyu, aka yanka wa kowa abin da zai riƙa bayarwa, aka kuma kai Goggo asibiti.

Mako uku abubuwa suna tafiya daidai. Sai wata rana ɗan ɗaya daga cikin maƙwabtan nan ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, wata kuma ta tuna cewa ta ga Goggo tana shafa kan yaron tana kiransa da sunan wani mamaci. Kafin magariba kalmar mayya ta zagaya unguwa, ana cewa sai an fito da ita ta tsallaka yaron ta sakar masa kurwa. A ƙasarmu wannan zargi ba ya tsayawa a bakin mata, domin sashe na 251 na kundin hukunta laifuffuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10 a kan maita, don haka yana iya kaiwa har gaban jandarma. Ina kan sallayar isha'i wayata ta yi ƙara, na ji muryar surukar tana rawa tana cewa mutane sun taru a ƙofar gida. Yadda muka kwana a wannan dare, da rawar da jauro ya taka, shi ne zan kawo muku a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.