Zama da iyayen yaron da ciwonsa ya fi ƙarfin magani

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara a nan Gombe. Cikin yaran da ake kawo mana daga Dukku, Bajoga, Kumo da Kaltungo, akwai waɗanda ake isowa da su ciwo ya riga ya ci jiki. Galibi ciwon daji ne: na ido, na ƙoda, ko mai kumbura muƙamuƙi da ciki, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin ɗari na irin waɗannan yara suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba a kai kashi 30 ba, kuma makara tana cikin manyan dalilai. In likitoci suka ga ba batun warkewa, aiki sai ya koma rage wa yaro raɗaɗi. Daga nan kuma iyayensa ma sun zama namu.

Uwa ba ta jin lallashi muddin ɗanta yana kuka, don haka daga ciwon ake farawa. In akwai ruwan mofin na sha (maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi), ana ba da shi gwargwadon nauyin yaro duk bayan awa 4, ba a jira sai ciwo ya taso. Iyaye suna tsoronsa. Wani uba ya taɓa tambayata, "Sista, ba zai mayar min da yaro ɗan ƙwaya ba?" Nakan zauna in yi bayani: zai sa shi barci a kwanakin farko, zai ɗaure masa ciki, shi ya sa ake haɗawa da maganin sassauta bayan gida. Daren da yaro ya samu barci, washegari za ki tarar uwar ta yi wanka, har ta ɗan ci abinci.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne ɓoye-ɓoye. An saba a ja uba gefe a gaya masa gaskiya, shi kuma ya dawo ya ce wa matarsa, "Sun ce da sauƙi." Matar da take goge wa yaron jiki dare da rana, ta fi kowa sanin ba sauƙi. Sai kowa ya riƙe nasa a ciki, shi yana kuka a masallaci, ita a banɗaki. Yanzu nakan ce, "Malam, da wa da wa kake so likita ya zauna da ku?" In an taru, har da kaka in tana nan (sau da yawa ita ce mai yanke magana), mukan fara da tambayar abin da su suka lura da shi a jikin yaron. Ba ma cewa ba abin da za mu iya yi, don ba gaskiya ba ne. Warkarwa ce ta gagara, kulawa tana nan.

Tambayar da take cin su kuwa ita ce, "Da mun zo da wuri fa?" Wasu sun daɗe tsakanin kemis da mai maganin gargajiya, wasu an ce musu jifa ne, har ana nuna kishiya. Ba na yi musu ƙarya, ba na kuma ƙara musu nauyi. Nakan ce, "Maman yaro, ba abin da kika ci ko kika yi ne ya jawo wannan ba, kuma kun kawo shi da abin da kuka sani a lokacin." Tofi da addu'ar malam ko fasto ba mu da faɗa da su. Tsaga a kan kumburi da jiƙon da ba a san me ke ciki ba, su nake roƙo a bari.

Akwai kuma kunyar ɗan fari. Za ki ga yarinya ta zauna can nesa, ko sunan yaron ba ta kira, kaka ce ke rungume da shi. Wanda bai san mu ba sai ya ce ba ta damu ba. Ita ce kuwa ba ta rintsawa. Irin wannan aiki nake ba ta: ta jiƙa auduga ta goge masa baki, ta shafa man kaɗe a leɓensa, ta juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Aikin ya ba ta hujjar taɓa ɗanta a gaban surukarta.

Haka batun abinci. Uwa takan dage da ɗura kunu, tana ganin yunwa ce za ta kashe shi. Sai an fahimtar da ita cewa jikin ne ya daina nema, ɗurar kuma tana iya sarƙe shi.

Masu zuwa dubiya kan ce a yi haƙuri, a daina kuka. Ni ba na hana kuka. Annabi (SAW) ma ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim yake gargara, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Allah ya yarda da shi. Iyaye da yawa sun san hadisin, tunatarwa kawai suke so.

In uba ya nemi ya koma da yaro gida, bayan ya sayar da bijimi ko gona, ba na ɗaukar shi mai gudun ɗawainiya. Mukan haɗa musu magani, mu koya wa mutum biyu yadda ake aunawa, mu faɗa musu abin da za su iya gani: barci zai yawaita, ƙafafu za su yi sanyi, numfashi zai riƙa yankewa yana dawowa, wani lokaci da ƙara a maƙogwaro wadda ta fi damun mai ji a kan yaron. Sannan mu ba su lambar da za su kira ko da tsakar dare ne, mu kuma tambayi wa zai zauna da yayyensa da ƙannensa ya gaya musu abin da ake ciki.