Taimar da ta so ta ƙona mini ɗaki saboda attarugu

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon shuka a cikin ɗaki. Na so wannan karon in ba ku labarin ganye ne, yadda yakuwa ta fito da yadda attarugu ke jan ƙafa, amma a makonni biyun nan wuta ce ta sha mini kai. Taimar da ke kunna mini fitila tana kashewa ta riƙa ɗaukar zafi har robarta ta canza launi, kuma sai da na yi asarar kuɗi kafin in gane inda gizo ke saƙar.

Ga wanda bai san yanayina ba, a Mancesta ta ƙasar Ingila nake zaune. A tsakiyar hunturu rana kan fito bayan ƙarfe takwas na safe, kafin huɗu na yamma ta faɗi, wato ko awa takwas ba ta cikawa, ita ma ɗin a bayan gajimare. Attarugu kuwa ba ya son gaggawa. In kana so ka ci 'ya'yansa kafin sanyin Oktoba ya dawo, sai ka shuka tun Janairu, kuma a Janairu taga ba ta da abin da za ta ba shi. Shi ya sa na sayi fitila ta gwanjo: ƙwan sodiyam mai wat 600, mai hasken ruwan ɗorawa irin na tsofaffin fitilun titi, tare da balas ɗinsa, wato abin da masu wayarin a gida suke kira cok. Nawa irin na da ne, mai naɗin waya a jikin ƙarfe, in ka ɗaga shi sai ka ce bulo. Na kafa tanti a ƙaramin ɗakin da muke tara kaya, na saita taima ta kunna shida na safe ta kashe goma na dare. Awa 16 ke nan. Yakuwa ta ji daɗin haka, domin muddin yini ya yi mata tsawo ba ta saurin fure, sai ta yi ta zuba ganye, ni kuma ganyen nake nema.

Taimar ita ce mai arahar nan da kowa ya sani, mai faifai zagaye da ƙananan haƙora, kowane haƙori minti 15. A kwalinta an rubuta am 13 da manyan baƙi, wato yawan wutar da za ta iya ɗauka. Na yi lissafina na ɗan koyo: ƙwai da abin da balas ke ɓatawa su ci wajen wat 650, a raba da bolt 230 na ƙasar nan, ko am 3 bai kai ba. Ina uku ina goma sha uku? Na jona na tafi abina.

A kwana na tara uwargida ta leƙa ɗakin ta ce, "Maigida, kifi ka ɓoye a nan?" Na yi dariya, na ce hancinta ne. Da na shiga na ji ƙarnin ni ma. Ashe wasu robobin kayan lantarki in suka yi zafi haka suke wari, kamar kifin da ya kwana. Na sa hannu a bayan taimar, ban iya ƙirga uku ba na janye. Da na kashe soket na zare ta, sai ga zoben launin ƙasa a gindin ɗaya daga cikin ƙafafunta, robar wurin ta ɗan yi ƙyalli kamar alewar da ta narke ta sake daskarewa.

A nan na yi wautar da ba na so kowa ya maimaita. Na bari ta huce, na mayar da ita, na juya mata ƙaramar fanka. Kwana biyu bayan haka, goma na dare ta yi, na ji faifan ya yi ƙas kamar yadda ya saba, amma haske na nan a ƙarƙashin ƙofa. Taima ta kashe a nata lissafin, fitila kuwa tana ci. Da safe na sa sukundireba na buɗe ta. Duk girman akwatin nan, abin da ke yanke wutar ɗan makunni ne da bai fi gyaɗa mai ɓawo ba, a cikinsa bakuna biyu na ƙarfe kowanne kamar ƙwayar dawa. Sun yi baƙi, sun yi ramuka, sun manne da juna kamar an yi musu walda. Na sa tsinin wuƙa na ɓamɓare su, sai ɗaya ya tafi da ɓallin ɗan'uwansa.

Na ce araha ba ta ado, na tafi shagon masu kayan shuka na sayo ta zamani mai allo, kuɗinta ninki uku. Mai shagon ya tambaye ni me nake nomawa, na ce barkono da ganyen miya. Ya yi wani murmushi ya ce kowa ma haka yake cewa. A ƙasar nan in aka ga mutum da fitilar sodiyam da tanti, wiwi ake fara kawowa a rai, har na ɗauki ɗabi'ar nuna hoton tukwanena tun ba a tambaya ba. Na dawo na jona sabuwa. Na aro ma'aunin zafi mai kama da bindiga, wanda ake harbawa daga nesa. Bayan awa uku bayan taimar ya haura digiri 60, alhali ɗakin bai kai 25 ba. An gudu ba a tsira ba.

Akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi da muke sallar Juma'a tare, ya tsufa yana aikin wayarin a nan. Na tare shi a bakin masallaci na zayyana masa komai. Bai bari na gama ba ya ce, "Ɗana, ka auna abin da fitilar ke ja, ko kwali ka karanta?" Na ce, "Baba, lissafi na yi." Ya ce lissafin ƙwai mai lafiya da cok mai lafiya na yi, shi kuma kayan gwanjo ba su yi mini wannan alkawari ba. Ya ba ni aron ƙaramar mita, irin wadda ake soka wa a soket sannan a soka kayan a jikinta.

Na jona, na jira ƙwan ya gama kamawa, don sodiyam yana ɗaukar mintoci kafin ya kai cikakken haskensa. Wat ɗin bai yi nisa da lissafina ba, ɗari shida da 'yan kai. Am ɗin ne ya tsayar da ni: 6.1. Akwai kuma wata lamba da mitar ke nunawa a ƙarƙashin haruffan PF, wato kason da ke yin aiki daga cikin wutar da ake ja, ta tsaya a 0.46. Na kira Baba na karanta masa. Ya ce, "Kwandansarka ta mutu."

Ga yadda na fahimci bayaninsa, in na karkace masana su gyara mini. Naɗin wayar da ke cikin balas yana jan wuta fiye da wadda ake yin aiki da ita. Wani kaso yana kai da komo ne kawai a cikin waya, ba ya zama haske, mitar gida ma ba ta cajinka a kansa, amma duk inda ya bi yana dumama wurin. Aikin kwandansa, 'yar'uwar wadda ke cikin fankar sama, shi ne ta riƙe wannan kai da komon a cikin akwatin balas, kada ya fito ya bi ta fulogi da taima. In tana da lafiya lambar PF takan kai 0.9, fitila irin tawa ta ja wajen am 3. In ta mutu fitila ba ta fasa kamawa, hasken ma ba za ka ga bambanci ba, sai dai jan ya ninka. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne zafi ba ninki biyu yake yi ba in wuta ta ninka, ninki huɗu yake yi. A ce bakin makunni ya ɗan yi datti, yana da turjiyar om 0.2. A am 3 zafin da zai fitar bai kai wat 2 ba. A am 6 ya haura wat 7, a kan abu kamar ƙwayar dawa, a cikin rufaffiyar roba, awa 16 kullum. Zafin ya ƙara ɓata bakin, ɓacin ya ƙara zafin, haka har su narke su haɗe.

Na tambaye shi me ya sa fis bai tsinke ba. Ya ce fis ɗin fulogina na am 13 ne, me zai dame shi da shida? Fis yawan wuta yake gadi, bai san wani wuri yana dahuwa ba.

Sai ya ce in juya bayan taimar in karanta masa ƙananan baƙin da ke jikinta. Na ɗauko tabarau. An rubuta 13(2)A. Sau nawa na ga wannan biyun ban kula ta ba. Goma sha ukun na kayan da ke dumama waya ne kawai, irin butar lantarki da dutsen guga da hita. Biyun da ke cikin baka ita ce ta kaya masu naɗin waya, irin injin lantarki da cok. Wato ko da kwandansata garau take, am 3 ya riga ya wuce abin da aka yi taimar dominsa. Na duba sabuwar mai allo, ita ma labarin bai canza ba. Na ji haushin masu buga babbar lamba a gaban kwali su ɓoye ƙaramar a baya, amma dai idona ne bai karanta ba.

Na zaci in aka canza kwandansa shi ke nan. Baba ya ce tsugune ba ta ƙare ba. Sabuwar kwandansa za ta rage jan yini, amma ita ce ke fizgar wuta da ƙarfi a daidai lokacin da makunni ya haɗe, fizga ta ɗan ƙiftawar ido wadda ta ninka jan yau da kullum sau da yawa. Lokacin kashewa kuma naɗin wayar ba ya yarda wuta ta yanke farat ɗaya, sai tartsatsi ya tsallaka tsakanin bakunan. Kullum sau biyu ana gatsar ƙarfen nan. Maganin shi ne a raba aiki: a sa kontakta, wani babban makunni mai maganaɗisu da bakuna masu kauri, shi ya ɗauki wutar fitila kai tsaye daga bango, ita kuma taima ta riƙa ba shi umarni kawai da 'yar wutar da ba ta kai ta ƙwan dare ba. Ana sayar da shi a haɗe cikin akwati a shagunan kayan shuka, ana kuma iya sa ma'aikaci ya haɗa.

Ranar Asabar ya zo da jakarsa. Ban taɓa cikin balas da hannuna ba, kuma ba na ba wani ɗan koyo shawarar ya taɓa. Kwandansa tana iya riƙe caji bayan an zare fulogi, kuma abin da ke tayar da ƙwan sodiyam yana harba dubban bolt. Ya sauke cajin tukuna, ya ciro tsohuwar. Kanta ya kumbura kamar gwangwanin tumatir da ya lalace. Ya sa sabuwa mai lamba daidai da wadda aka rubuta a jikin balas ɗin, ya haɗa kontakta na am 20 a cikin akwatin roba mai murfi, ya tabbatar wayar ƙasa ta bi har jikin fitila.

Yana tattara kaya idonsa ya faɗa kan doguwar wayar da na jawo wuta da ita, irin mai naɗewa a kan gare. Na warware mita biyu kawai na bar sauran a naɗe. Ya nuna mini takardar da ke jikinta: lambobi biyu ne, na warwararre da na naɗaɗɗe, kuma na naɗaɗɗen bai kai rabin ɗayan ba. Ya taɓa garen ya ce, "Wannan ma dafa kanta take yi." Ya buɗe fulogin balas, ya tarar sukurun wayar wuta ya saki har tagullar ta yi duhu, ya yanke ya sake ɗaurewa. Ya kuma sa na fitar da taimar daga cikin tanti, na ɗora balas a kan tayil maimakon kafet. Ya ƙi karɓar ko kwabo, sai dai ya ce in yakuwa ta isa tsinka a tuna da shi.

Abu ɗaya ga mai gwaji: in ka kashe ƙwan sodiyam kada ka mayar nan take, ba ya son kamawa da zafinsa. Ni minti 15 nake ba shi tsakanin gwaji da gwaji.

Yau kwana shida da gyaran. Mita tana nuna am 3.0, PF 0.93. Na harba ma'aunin zafi a bayan taimar bayan awa goma tana aiki, digiri 26, kusan daidai da ɗakin. Kontakta yana yin ƙwas mai ƙarfi da shida na safe, har ya zame mini agogon tashi a wannan lokaci da asuba ke yin latti. Na kuma liƙa na'urar jin hayaƙi a saman ƙofar, abin da ya kamata in fara yi tun ranar da na kafa tantin.

In da yau zan fara, ba zan sayi wannan fitilar ba. Wat 650 sau awa 16 ya haura yunit 10 a kullum, don tukwane goma sha biyu da tsayinsu bai kai taƙi ba. Fitilar LED mai ƙaramin ƙarfi ta ishi irin shuka, ko da yake Baba ya ce ita ma tana da tata fizgar lokacin kunnawa, in aka tara da yawa a kan taima ɗaya za a koma gidan jiya. Tunda na riga na zuba kuɗi, zan ƙarasa kakar bana da ita.

Su kansu tsirran ba su san an yi ba, ban da daren da suka kwana cikin haske. Attarugu bakwai cikin goma sun fito, uku sun yi ganye na huɗu. Yakuwa ta kai a rage mata cunkoso. Sai dai jiya na ga wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suna tashi daga ƙasar tukwane in na ba da ruwa, alamar ina cika ban ruwa. Na tsallake na yau, zan bar saman ƙasar ya bushe in ga ko za su ragu kafin Asabar.