Yadda na sabunta firoksin da ke tace intanet a wurin aikinmu

A ma'aikatar da nake kula da kwamfutocinta, duk wanda zai shiga intanet sai ya bi ta wata sabar da ke tsakiya, wato firoksi. Ita ke karɓar buƙatar burauza, ta duba jerin shafukan da aka hana, sannan ta ba da hanya ko ta tare. Manhajar Squid muke amfani da ita, siga ta 3.5 da ta fito a 2015. Na yanke shawarar komawa siga ta 6, ta shekarar 2023, saboda an daina yi wa tsohuwar gyaran tsaro, kuma na'urar da saƙon kowane ma'aikaci ke ratsawa ba ta cancanci a bar ta haka ba.

Ban taɓa tsohuwar sabar ba. Na kafa sabuwa a gefe, na kwafo fayil ɗin squid.conf, na sa manhajar ta karanta shi da umarnin squid -k parse kafin in kunna komai. Nan take ta nuna mini layukan da suka tsufa. Umarnin dns_v4_first, da muke amfani da shi don a fifita adireshin IPv4, an cire shi tun a siga ta 5. Ƙaramar manhajar da ke ƙera takardun shaida (waɗanda shafi ke nuna wa burauza don tabbatar da ko shi wane ne), ssl_crtd, ta koma security_file_certgen tun siga ta 4, don haka na gyara sunan na kuma kafa mata sabuwar ma'ajiya. An cire Gopher ma, wata tsohuwar hanyar ɗauko bayanai a intanet, amma wannan bai shafi kowa ba a wurinmu. Wannan sashe bai ci mini lokaci ba.

Inda aikin yake shi ne tambayar da takardar sabbin abubuwa ba ta amsa maka: me firoksin ke iya gani yanzu? A da, yawancin shafuka a buɗe suke tafiya, firoksin yana karanta adireshi har da kalmomin da ke cikin shafi. Yau kusan komai a rufe yake cikin HTTPS. Squid na da dabarar leƙa gaisuwar farko tsakanin burauza da shafi, ta ga sunan shafin, sannan ko dai ta bar haɗin ya wuce a rufe ko ta buɗe shi ta karanta. Sai dai TLS 1.3, sigar tsarin rufe saƙo na HTTPS da aka tabbatar a 2018, ya rufe takardar shaidar shafin ita ma. Wasu dokokinmu kuwa a kan sunan da ke cikin takardar aka gina su. Dole na sake rubuta su su dogara da sunan da burauza ke faɗa a buɗe a farkon gaisuwa, wanda ake kira SNI.

Buɗe haɗin kuma ba ƙaramin al'amari ba ne. Sai ka ƙera takardar shaida taka ta kanka, ka dasa ta a kowace kwamfuta, daga nan firoksin ya riƙa sa hannu a madadin kowane shafi. Kwamfutocin ofis sun karɓa lafiya. Wayoyi ne suka ƙi, domin tun daga Android 7, a 2016, manhajojin waya ba sa amincewa da takardar da mai waya ya dasa sai in maƙerinsu ya ba da izini. Akwai kuma manhajojin da suka haddace takardar gidansu, da sun ga wata sai su yanke haɗin ba tare da wani bayani ba. Waɗannan na jera su ɗaya bayan ɗaya na bar su su wuce a rufe. Shafukan banki da na asibiti kuwa ban jira sun ba da matsala ba, tun farko na cire su. Mai riƙe da mabuɗin wannan takarda yana iya karanta kalmar sirrin mutane da sakamakon gwajin lafiyarsu, kuma ba don wannan aka ɗauke ni aiki ba. Na nemi shugabanni su sanar da ma'aikata a rubuce abin da ake buɗewa da abin da ba a taɓawa.

Wani abu da na gani da idona lokacin gwaji: na buɗe wani shafin bidiyo da muka hana, bidiyon yana tafiya, ina kallon rajistar firoksin a ɗaya tagar ba ko layi ɗaya da ya ƙaru. Burauzar ta bi ta QUIC, wata sabuwar hanyar ɗauko shafuka da ke tafiya a kan tsarin aika saƙo na UDP ta ƙofa ta 443, mu kuwa saƙon da ke bin ɗaya tsarin, TCP, kaɗai muke karkatarwa zuwa Squid. Kamar ka tsaya gadi a ƙofar gida alhali ana fita ta baya. Na rufe wannan ƙofa a katangar tsaro, burauzar ta koma TCP da kanta, layukan suka fara sauka. Haka na yi da neman adireshin shafi da burauza ke yi a ɓoye ta cikin HTTPS, da kuma ECH, sabuwar dabarar da ke ɓoye shi kansa SNI: na kashe su ta tsarin da ake sarrafa burauzojin ofis daga wuri guda. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka gyara a cikin squid.conf, shi ya sa nake ganin duk mai shirin sabuntawa ya sa katangar tsaro da burauza cikin lissafinsa tun ranar farko.

Sauyawar da kanta a hankali na yi ta. Na fara da sashen da nake zaune, ta hanyar canza adireshin firoksi a fayil ɗin PAC, wanda ke gaya wa burauza firoksin da za ta bi, ina bin rajista ina neman lambar 403 (an hana shiga) da 503 (ba a samu shafin ba a lokacin) da ba su dace ba. Sashen kuɗi na bari a ƙarshe, domin manhajar biyan albashi sau ɗaya take aiki sosai a wata. Tsohuwar sabar ta zauna a kashe da dukkan saitinta har aka biya albashin wannan wata ta sabuwar, sannan na goge ta.