Tsohon keken surfilaj da kawu ya bar min

Jama'a sallama. Yau maganar keke ce kawai, domin sati uku kenan ina fama da wani tsohon keken surfilaj, wanda 'yan uwanmu na Yola da Mubi ke ce ma wibin, wannan dai mai yanke bakin yadi yana ɗaure shi lokaci guda don kar ya zare.

Na kawuna ne. Shekara da shekaru yana ɗinki a nan Garwa ta Kamaru kusa da babbar kasuwa, da ido ya fara ba shi matsala sai ya rufe shago, keken ya zauna a zaure an lulluɓe shi da buhu, ƙurar hunturu ta yi mai kaka-gida. Ranar da na je gaishe shi yace "ɗiyata ki ɗauke shi, kar yara su sayar wa masu gwangwan". Nace toh kawu Allah ya saka da alheri, amma wlh a raina ban san ko zai tashi ba.

Abin farko shi ne sanin wane iri ne, sunan duk ya goge, fenti ya ɓare. Na samu tsumma da ɗan kananzir na goge ƙaramin farantin ƙarfen da ke jikinsa sai ga 747 ta fito. Siruba ne, na Taiwan. Su lambar ma tana faɗa maka komai, 737 zare uku, 747 zare huɗu, 757 zare biyar. Ko da lambar ba ta fito ba ka ƙirga maɓallan matse zare da ke gaba, ka duba allura nawa yake ɗauka, ni keken nawa maɓalli huɗu ne allura biyu. Idan kuma naka ɗan ƙarami ne mai zare uku allura ɗaya, sau da yawa GN1-1 ne na Sin, shi ma ya cika shagunan teloli.

Na wanke shi na cire gashin yadi da ya daskare ƙarƙashin wuƙa, na zubar da tsohon mai da ya koma kamar zuma na zuba farin man keke. Dan Allah kar a sa baƙin man babur, man gyaɗa kuwa ya fi muni, daskarewa yake ya riƙe ƙarfe. Akwai ɗan gilashi a sama, in injin na gudu za ka ga mai na fantsama a ciki, in ba ka gani ba ka tsaya kar ka ci gaba. Kuma ƙafarsa, wato tayar gefe da ake juyawa da hannu, ba ta juya irin ta Butterfly da muka saba jawowa wajenmu, wannan baya ake tura ta, in ka juya ba daidai ba zare ya cukurkuɗe.

Zura zare shi ne inda mutane ke gudu. Babu kwarkwaro a wannan keken, ƙugiyoyi biyu ne ke saƙa zaren, ta sama da ta ƙasa, kuma su ake fara zura wa kafin allura, allura ce ƙarshe. Ni zare kala huɗu na sa da farko don in ga kowanne inda yake bi. Sai da matsefata, yatsa ba ya shiga wurin. Da ya zauna kuma ban sake zare shi ba, in zan canza kala sai in yanke daga sama in ƙulla sabo da tsoho in sassauta maɓalli in ja a hankali, ƙullin ne kawai ba ya wuce idon allura sai ka yanke ka zura.

Toh duk na yi wannan amma keke na tsallake ɗinki. Yayi taku biyar ya bar biyu. Na matse na sassauta, kwana huɗu, har na fara tunanin kai shi wajen mai gyara a Marwa. Na koma wajen kawu da guntun yadin, bai ma gani sosai ba, shafawa yayi da yatsa yace "wace allura kika sa?" Nace ta keken gida. Yace to nan ne. Allurar gida gindinta gefe ɗaya a shafe yake kuma ta fi tsawo, wannan kuwa DCx27 yake ci, gajera mai gindi zagaye, kuma da yake zagaye ne kana iya sa ta a karkace ba ka sani ba, dogon layin nan na jikinta shi zai kalle ka, ka tura ta sama har ta tsaya sannan ka ɗaure. Ƙugiya kusa da allura take wucewa ƙwarai, in tsawon ya bambanta ko kaɗan ba ta kama zaren. Na sayo fakiti ɗaya, ina sawa ya miƙe tsaf. Abin ya ban haushi da na tuna irin kekunan da ake jibgewa a lungu ana cewa sun mutu, ina da yaƙinin da yawansu allura ce kawai.

Saura wuƙa. Ta ƙasa ta dakushe tana tauna leshi maimakon yanka, an wasa min ita. Yanzu duk fil ɗin da na kafa a yadi sai na cire kafin ya iso bakin wuƙa, guda ɗaya ya isa ya ɓalle ta.

Matsalata ɗaya yanzu wuta, shi sai da lantarki, in an ɗauke sai in koma kan yanka da guga. Jiya na kai ma kawu rigar farko da na gama, ya juya cikinta ya bi bakin ɗinkin da yatsa tun daga hammata har ƙasa, yace zaren ƙugiyar ƙasa ya ɗan yi sako-sako, in ƙara matse shi kaɗan.