Yadda na auna goshin ƙwaƙwalwar mutum da na birai

Aikin digirina na biyu a fannin ilimin sassan jiki shi ne kwatanta gaban ƙwaƙwalwar ɗan Adam da na cimpanzi da birin makak. Abin da littattafanmu suka koya mana shi ne, ɓangaren goshi ne ya fi bunƙasa a wurin mutum, da shi muke shirya gobe, muke danne zuciya, muke harhaɗa magana. Zancen ya samo asali tun daga Korbinian Brodmann, Bajamushen da ya fitar da taswirar ɓawon ƙwaƙwalwa, wato shimfiɗarta ta waje, a 1909. A ƙiyasinsa, yankin da ke can gaba-gaba a cikin ɓangaren goshi ya ci kashi 29 cikin 100 na ɓawon mutum, na cimpanzi kuwa kashi 17, na makak wajen 11.

Ƙwaƙwalwar cimpanzi ba ta samuwa a ɗakin gwajinmu, don haka da hotunan MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, na yi aiki. Na cimpanzi daga taskar National Chimpanzee Brain Resource ta Amurka, na makak daga taskar PRIME-DE, duk ta intanet. Da manhajar ITK-SNAP nake buɗe hoto, in bi shi yanka-yanka ina zana iyaka da hannu.

Iyakar baya ba ta ba ni wahala ba. Akwai tsagi mai zurfi da ya ratsa tsakiyar kowane ɓari na ƙwaƙwalwa, duk abin da ke gabansa shi ake kira ɓangaren goshi. A hoton mutum, gaɓar tsagin tana da wani kumburi mai lanƙwasa kamar ƙugiya, daidai inda ake sarrafa motsin hannu. Ranar da na ga irin wannan lanƙwasa a hoton cimpanzi, sai da na kira abokan ɗakinmu su zo su gani. Ƙwaƙwalwarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na tamu ba, amma ga zubin nan a zaune.

Da na gama lissafi, kason goshi a mutum da cimpanzi ya fito kusa da juna ƙwarai. Na kai wa malamina ina ɗari-ɗari, ya duba ya ce, "To ai haka abin yake, je ka karanta Semendeferi." A 2002 Katerina Semendeferi da abokan aikinta, ciki har da Hanna Damasio, sun nuna cewa ɓawon goshi ya kai wajen kashi 36 zuwa 39 a mutane, manyan birai irin su cimpanzi da gorila da orangutan suna biye da mu kafaɗa da kafaɗa. Gibon da ƙananan birai ne suka sauka zuwa wajen kashi 30. Wato goshinmu babba ne saboda ƙwaƙwalwar baki ɗayanta babba ce.

Rigimar tana yankin gaba-gaba, wanda Brodmann yake nufi. Shi da madubin ƙara girma ya gane iyakarsa, ta wani siririn layi na ƙananan ƙwayoyin jijiya da ke cikin ɓawon, kuma MRI na yau da kullum ba ya nuna wannan layi. A makak akwai wani tsagi mai siffar baka da yake taimakawa wajen gane inda yankin ya ƙare. Mutum ba shi da irinsa. Sai na bi hanyar Thomas Schoenemann ta 2005: a ɗauki goshin gadar da ta haɗa ɓarin dama da na hagu, a ce duk abin da ke gabanta shi ne yankin. Hanya ce mai sauƙi, amma a ganina tana ƙwarar mutum, domin tana yanke wani yanki mai yawa na abin da ake nema ta bar shi a baya. In na matsar da layin kaɗan, sakamako ya canza fuska. A nan na fahimci abin da ya sa Robert Barton da Chris Venditti suka ce a 2013 goshinmu bai fita daga tsarin sauran birai ba, Jeroen Smaers kuma ya zo a 2017 ya ce yankin gaba-gaba ya yi bunƙasa ta musamman a mutum da manyan birai. Kowannensu masani ne, amma ma'auninsu da lissafinsu sun sha bamban.

Kason ɗari shi kaɗai ma yana ruɗi. Duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta ƙaru, farin sashenta, wato jijiyoyin da ke haɗa wannan yanki da wancan, yana ƙaruwa fiye da ɓawon. Dole ka fara tambayar yadda birin da ƙwaƙwalwarsa ta kai tamu girma zai kasance, sannan ka duba ko mun zarce shi. Jinsi uku kacal ba su isa a ja wannan layi da ƙarfin gwiwa ba, na kuma rubuta hakan ƙarara a kundina.

Inda hankalina ya fi kwanciya shi ne batun haɗin jijiyoyi. James Rilling ya nuna a 2008 cewa igiyar jijiyar da ke haɗa yankin magana na goshi da gefen kunne ta miƙe sosai a mutum, ta ragu a cimpanzi, a makak kuwa da ƙyar ake ganin wannan reshe. Ƙashi ba ya adana irin wannan bayani. Ƙoƙon kan Toumaï, wata tsohuwar halitta da ake ɗauka dangin ɗan Adam ce, da aka tono a hamadar Djurab ta Chadi a 2001, mai shekara kusan miliyan 7, ya nuna ƙwaƙwalwa mai girman ta cimpanzi, amma jijiyoyin sun ruɓe tun tuni. Shi ya sa sai an koma ga birai masu rai.

A kundin na ajiye jadawali biyu, ɗaya da iyakar tsagin tsakiya, ɗaya da iyakar gada, kowanne da hoton inda na ja layi, domin mai dubawa ya iya maimaita awon da kansa.