Wasiƙa daga Liyon zuwa ga iyayen yara a Maraɗi kan ɗaukar malamin gida

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ƙannena na Maraɗi. Ina gaishe ku daga birnin Liyon na ƙasar Faransa, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku baki ɗaya.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne saƙon murya da yayana ya aiko mini daga unguwar Zariya gab da komawar yara makaranta. Ya ce: "Ƙanena, na yanke shawarar cire yaran nan uku daga lakwal, in ɗauko musu mushe ya riƙa karantar da su a gida, tunda na ji an ce haka Turawa suke yi." Na ba shi amsa a ranar, amma da wasu magidanta biyu suka sake yi mini irin wannan tambayar, sai na ga ya dace in rubuta abin da na gani da idona domin kowa ya karanta.

Ban ga laifin Yaya ba ko kaɗan. Ya ce ajin babban ɗansa yara sun haura 80, kuma ko malamin yana da himma ba zai iya duba kayen kowa ba. Ga yajin aiki da yake cinye makonni, ga kuma abin da babu ɗan Maraɗin da zai manta, wato gobarar watan Nuwamba na 2021 da ta tashi a azuzuwan zana ta hallaka yara fiye da 20. Uban da ya ce hankalinsa ya fi kwanciya idan ɗansa yana gabansa, gaskiya ya faɗa.

Sai dai maganar cewa haka Turawa suke yi tana buƙatar gyara, aƙalla game da ƙasar da nake zaune. A Faransa karatu wajibi ne a kan yaro daga shekara 3 zuwa 16. A da, iyaye sanar da hukuma kawai suke yi cewa za su karantar da ɗansu a gida, amma dokar 24 ga Agusta 2021 ta sauya tsarin, kuma tun daga shekarar karatu ta 2022 sai an nemi izini an samu. Dalilai huɗu kaɗai ake karɓa: rashin lafiya ko nakasa, horo mai tsanani na wasanni ko fasaha, iyalin da ba sa zama wuri ɗaya ko suke nesa da makaranta, sai kuma wani hali na musamman da ya keɓanci yaron. Bayan an ba da izinin, insifekta yana duba karatun yaron aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma idan aka duba sau biyu ba a gamsu ba, ana umartar iyaye su mayar da shi makaranta cikin kwana 15.

Na san wannan ne saboda ya faru a gidana. Ɗiyata tana fama da ciwon sikila, kuma a shekarar da ta cika 8 ciwon ya tsananta har likita ya ba da shawarar ta zauna a gida. Muka nemi izini aka ba mu, muka ɗauki wata malama tana zuwa kullum da safe, ina biyanta ta hanyar da doka ta tanada, wadda a ƙarshe gwamnati take mayar wa mutum rabin kuɗin ta wajen haraji. Ni kuwa da na ga ina biya a kan lokaci, malamar tana zuwa a kan lokaci, kayen yarinyar cike yake da jan biro na yabo, sai na saki jiki, na ɗauka na sauke nauyin da ke kaina.

Wata huɗu muna a haka. Wata rana da dare, cikin hunturu, na zauna da yarinyar a teburin cin abinci, na buɗe mata wani shafi da ba su taɓa karantawa ba, na ce ta karanta mini. Ta karanta tiryan-tiryan, yatsanta yana bin layi, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ta gama na tambaye ta da Hausa: "Uwata, wane ne ya ɓata a cikin labarin nan?" Ta dube ni, ta dubi takardar, idonta ya cika da hawaye. Ashe malamar, saboda tausayin ciwonta da kuma gudun ɓata mana rai, abin da yarinyar ta riga ta iya take ta maimaita mata, duk inda ya yi wuya sai ta tsallake. Ba muguwa ba ce, amma babu darekta a kanta, babu jarrabawar aji, babu wasu yara da za a gwada ɗiyata da su a ga inda take. Waɗannan abubuwa makaranta ce take yin su ba tare da iyaye sun lura ba, kuma ranar da aka cire yaro daga makaranta, kan uba da uwa suke dawowa. Ni ban ɗauke su ba, kuma ɗiyata ce ta yi asarar wata huɗu.

Idan haka ta faru a inda insifekta yake zuwa, ku yi tunanin gidan da babu mai leƙowa. Na san yadda darasin gida yake gudana a wajenmu, domin ni ma na yi shi ina ɗalibi. An shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro bayan la'asar, an fara lissafi ke nan sai a kira yaron daga madafa a aike shi sayen magi, ya dawo sai baƙi su yi sallama a ce a tashi a ba su wuri. Idan wata ya ƙare, maigida ya ce wa malamin ya yi haƙuri sai kasuwa ta buɗe, malamin kuma, wanda sau da yawa ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko malamin kwantaragi da albashinsa bai isa ba, dole ya nemi wasu gidaje uku, ya riƙa zuwa naka a gajiye. Irin wannan darasi yana da amfani idan ƙari ne a kan makaranta, amma ba zai iya zama shi kaɗai ne karatun yaro ba.

Wanda larura ta tilasta masa, kamar yadda ta tilasta mini, ina roƙonsa ya fara zuwa wajen hukumar ilimi ta yankinsa ya tambayi yadda yaron zai ci gaba da zama a kan hanyar jarrabawa, domin takardar BEPC ta kammala kwaleji da ta BAC ta shiga jami'a ba a tsakar gida ake ba da su ba, kuma yaron da ba shi da wata shaidar ajin da ya kai zai sha wahala ranar da aka so mayar da shi. Ya zauna da malamin gaban shaida a rubuta ranaku da sa'o'i da kuɗi, a kuma biya shi ranar da aka ce, ko da za a rage wani abu a cefane. A karantar da yaro a fili inda idon uwa yake kaiwa, musamman ɗiya mace, kada kunya ta sa a rufe ƙofa a kan yarinya da baƙo, komai kyawun shaidar da aka yi masa. Sannan duk wata uku a kai yaron wajen wani malami dabam, wanda ba ya cin komai a gidan, ya gwada shi. Uban da bai yi boko ba shi ma yana iya sa ido, domin kowa ya san yadda malamin allo yake cewa a biya kafin a wanke: ka sa yaron ya faɗa maka da Hausa abin da ya koya yau, za ka gane ko ya fahimta ko hadda ce kawai.

Akwai kuma abin da kuɗi ba sa saya. A shekarar da ta zauna a gida, ɗiyata takan tsaya a taga wajen ƙarfe huɗu da rabi tana kallon yara suna dawowa da jakunkunansu, kuma da ta samu sauƙi ta koma aji, sai da ta ɗauki makonni kafin ta saba da ɗaga hannu ta jira a kira ta. A Maraɗi yaro yana da makarantar allo da Islamiyya da ƴan'uwa cike da gida, wannan yana rage kaɗaici, amma ɗiya mace da aka cire daga lakwal da sunan za a karantar da ita a gida, ina jin tsoron aikin gida ya cinye darasin, daga nan kuma a fara maganar aure.

Yaya ya saurare ni, Allah ya saka masa da alheri. Ya bar yaran a makarantarsu, ya ɗauki malami yana zuwa Litinin da Laraba da Asabar bayan magariba, an sa musu fitila mai caji a zaure, kuma an hana aiken kowa har a tashi. Mun yi alkawari da shi cewa duk ranar Juma'a zai turo mini hoton kayen ƙaramar, ni kuma in kira ta in ji karatunta da kunnena.

Ku gaishe mini da mutanen gida duka. Wassalam.

Ɗan'uwanku, mazaunin Liyon