Injin tuƙi daban, ruwa daban

Tun da na fara atisaye a injin kwaikwayon tuƙin kwale-kwale na kamfanin Concept2 nake jin mutane a wurin motsa jiki suna cika baki da lokacin da suka yi a mita 2000. Wani ma cewa ya yi da za a sa shi cikin jirgi, sai ya kayar da 'yan gasa. Wallahi maganar nan tana damuna.

Ku duba: a 2018 ɗan gasar tuƙin kwale-kwale Josh Dunkley-Smith na Ostareliya ya gama mita 2000 a kan inji cikin minti 5 da daƙiƙa 35.8. A kan ruwa kuwa, Robbie Manson na Niyu Zilan, shi kaɗai a jirginsa, minti 6 da daƙiƙa 30.74 ya yi a 2017, kuma hakan bajinta ce ta duniya.

Inji ba ruwansa da nauyinka, ƙarfin jan da ka yi kawai yake lissafawa. Jirgi kuwa ɗaukar ka yake yi, in ka yi nauyi sai ya ƙara nutsewa, ruwa ya riƙe shi. Ga iska, ga igiyar ruwa, ga filafilin da in ya shiga a karkace sai ya nemi kifar da kai.

Ba raina injin nake ba, 'yan'uwa, shi ya gyara min numfashi da ƙarfin ƙafafu. Amma duk mai faɗin lokacinsa, don Allah ya faɗi nauyinsa da inda ya yi tuƙin.